Layin Farce: Karatun Kasuwar Qingping da Karatun Asibiti

A gundumar Liwan ta birnin Guangzhou, tsallaken titi daga tsibirin Shamian, akwai kasuwar Qingping, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin maganin gargajiya na ƙasar Sin. Buhunan saiwoyi da busassun 'ya'yan itatuwa ne a jere, ƙamshinsu kan tari mutum tun daga bakin hanya. 'Yan kasuwarmu masu zuwa sarin tufafi a Shisanhang ba su da nisa da ita. Idan ɗayansu ya dubi farcensa ya ga siraran layuka a tsaye, daga gindi zuwa baki, masu kaushi in an shafa, amsa biyu zai samu: ta masu magani a Qingping, da ta likitan fata.

A wajen masu gargajiyar Sin, farce ɗan aiken hanta ne. Tun a tsohon littafinsu na likitanci, Huangdi Neijing, an haɗa hanta da jijiyoyi da farce a gida ɗaya. Don haka farcen da ya bushe ya yi layi, a ganinsu, jinin hanta ne ya yi ƙasa. Sai a auna wa mutum saiwar danggui, da jajayen 'ya'yan goji, da busasshiyar magaryar Sin, a ce ya dafa da kaza. Mai hali kuwa a miƙo masa ejiao, wani daskararren baƙin magani da ake dafawa daga fatar jaki. Neman wannan fata ne ya yi wa jakunanmu ɓarna, har Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta haramta yanka su don fata a 2024.

Likitan fata daga gindin farcen yake farawa, can ƙarƙashin fata inda yake tsirowa. Idan shekaru suka ja, tsiron kan daina fitowa sumul, farcen ya rage danshi, sai layuka su bayyana. A yawancin mutane iyakarta ke nan, abu ne na girma kamar furfura. Yawan jiƙa hannu da bushewa, wanki da omo, da iskar hunturu suna ƙara fito da su. Amma likitan bai kore batun jini ba: ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini kan sa farce ya yi rauni, ya riƙa tsagewa, wani lokaci tsakiyarsa ta lotsa. Ciwon fata da matsalar maƙoƙo ma suna iya taɓa shi.

Ke nan ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa farce yana ba da labarin jiki, kuma abinci yana da hannu a ciki. Masu gargajiya sun cancanci yabo don sukan tambayi mutum barcinsa da cimarsa, su dube shi gaba ɗayansa. Inda suka rabu shi ne hujja. A kasuwa da ido ake yanke hukunci, a asibiti kuwa ana ɗibar jini a auna. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin dattijo mai ƙoshin lafiya zai iya zubar da kuɗinsa a kan abin da ba ciwo ba, mace mai zubar jini da yawa kuma ta yi ta shan romo alhali jininta yana ƙara yin ƙasa. Akwai ma haɗari: saiwar heshouwu, da ake sha don ƙara jini da baƙin gashi, an tabbatar tana iya yi wa hanta lahani.

Kulawar da ta fi amfani tana nan a gida. A shafa man kaɗanya ko basilin a farce da kewayensa bayan alwala da wanki, a sa safar hannu ta roba wajen wanke-wanke, a bar kankare layin, don kankara tana sirantar da farce. A ci hanta da wake da zogale. Sai haƙuri, tunda farcen hannu wajen milimita 3 yake tsirowa a wata, sai ya yi kamar wata 6 kafin ya sabunta.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Layin da ya gitta a kwance, wanda likitan Faransa Beau ya bayyana a 1846, yakan biyo bayan zazzaɓi mai zafi ko babbar jinya. Baƙin zane a farce ɗaya da ke ƙara faɗi, ko layi tare da jiri da kasala da farin ido, duk na ganin likita ne. Mata kuma su nuna farcen kafin su ƙunsa lalle, don lalle yana ɓoye launinsa.

A nawa awon, asibiti ya rinjaya, domin shi kaɗai ke iya ce wa mutum lafiyarka ƙalau, ya kuma nuna masa shaida. Wanda yake son romon goji ya sha a matsayin abinci. Amma kafin a sayi maganin ƙarin jini, a Liwan ne ko a kasuwar Kurmi, a fara sanin ko jinin ya ragu.