Wasannin Kwamfuta A Ƙasar Gobir: Sabon Dandali Yana Bukatar Idon Manya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gobir ya san darajar dandali. Da an idar da sallar lisha, musamman lokacin farin wata, sai yara maza su fito langa da kokawa, 'yan mata kuma su kafa gaɗa. Amma dandali bai taɓa zama babu ido a kansa ba, domin akwai dattawa a ƙofar gida, akwai kuma yayye, kowa ya san ɗan gidan wane ke wasa da ɗansa.

A yau kuwa, a Gatawa da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, fitinar 'yan bindiga ta rage wa yara fitar dare. Wayar hannu, wadda ita ma ƙaramar kwamfuta ce, ta shigo wurin da dandali ya bari. Yaro zai ari wayar mahaifinsa ko ta wansa, ya kai wa masu cajin waya da tura finafinai, a cika masa ita da wasanni. Iyaye da yawa murna suke yi, tunda yaron yana ɗaki. Sai dai zama a ɗaki bai hana baƙo riskarsa ba.

Wasannin nan iri-iri ne. Akwai na ƙwallon ƙafa, kamar FIFA wanda aka sauya wa suna zuwa EA Sports FC a 2023...