Lambun cikin gida a bazara: Abin da ke yi da abin da ba ya yi a Batsari da Safana

Daga tsakiyar watan Maris zuwa farkon Yuni, lokacin da ake kira bazara, kayan miya kan yi ƙaranci a kasuwannin yammacin Jihar Katsina. Tumatirin noman rani yana ƙarewa, fadamu suna bushewa, na damina kuwa ko shuka shi ba a yi ba. A wannan tsakanin ne farashin tumatir da tattasai da attarugu ke hawa, har gidaje da yawa su koma ga kauɗar tumatir da kuka da busasshiyar kuɓewa.

A ƙananan hukumomin Batsari da Safana, waɗanda ke gefen Dajin Rugu, lamarin ya wuce na yanayi kawai. Shekaru da dama zuwa gona mai nisa ya kasance sayar da rai. A watan Mayun 2019 ’yan bindiga sun kashe manoma 18 a ’Yargamji da ke Batsari, sannan a Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar. Duk da kafa rundunar tsaron al’umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya yi a Oktoban 2023, da zaman sulhun da aka yi a yankin a 2025, iyalai da dama da suka bar ƙauyukansu suka koma gari sun rabu da fadamun da suke samun ganye da kayan miya.

Ga kuma tsadar rayuwa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Idan kuɗin cefane ya gaza, ganye da kayan lambu ne ake fara zubarwa, domin hatsi ya zama dole. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da ’ya’yan itatuwa a kowace rana. A jihar da ƙungiyar likitoci ta MSF ke jinyar yara masu tamowa tun 2021, ganyen da ke shiga tukunya magana ce ta lafiyar yara da masu shayarwa.

Bazarar Katsina daban take da ta Turai

Kafofin yaɗa labarai kan fassara lokacin da sanyi ke janyewa a Turai da Amurka da kalmar bazara, kuma wannan yana rikitar da masu koyon lambu ta YouTube da Facebook. A can, watannin Maris zuwa Mayu lokaci ne na sanyi-sanyi da yayyafi, shi ya sa ake shuka latas da kabeji da karas. A Batsari da Safana su ne watanni mafi zafi a shekara, inda zafin rana a Afrilu kan kai digiri 40 a ma’aunin Selshiyos.

Lokacin da ya dace da waɗancan kayan a nan shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Latas ɗin da aka shuka a Afrilu yakan yi ɗaci ya yi saurin fitar da fure, kabeji kuma ya ƙi dunƙulewa. Tumatir zai tsiro ya yi ganye, amma da zarar zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma bai huce ba, furensa kan kaɗe ba tare da ya ƙulla ’ya’ya ba. Wanda bai san haka ba sai ya ɗora laifin a kan iri ko taki.

Abin da ya dace a shuka

Tsirran da ke jure bazara su ne waɗanda tukunyar Bahaushe ta saba da su tun kaka da kakanni. Alayyafo ne kan gaba wajen sauri: cikin mako uku zuwa huɗu ana iya fara cira, kuma idan aka yanke shi sama da tushe maimakon a tuge, yakan sake tofo sau biyu ko uku. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka ake cuɗa shi da yashi kafin a yafa, domin kada ya taru wuri guda.

Lalo yana son zafi matuƙar akwai danshi, sai dai irinsa yana da taurin fitowa. Tsoma shi cikin ruwan zafi na ’yan daƙiƙoƙi, a shanya a inuwa kafin a shuka, yana sa ya tsiro tare. Rama da yakuwa su ma ba sa tsoron rana, kuma ganyensu yana isa cira cikin wata guda da ’yan kwanaki. Kuɓewa tana fara ’ya’ya cikin kimanin wata biyu, kuma tsinkarta bayan kowane kwana biyu shi ke sa ta ci gaba da haihuwa.

Zogale kuwa jari ne mai daɗewa. Ana shuka irinsa ko a kafa reshe, kuma bishiya biyu ko uku a tsakar gida suna ba da ganyen kwaɗo da miya kusan duk shekara. Datse kansa idan ya kai ƙirjin mutum yana sa ya yi rassa, ganyen kuma ya zauna inda hannu ke kaiwa.

Wuri, buhu da ƙasa

Gidan da ba shi da fili yana iya noma a buhu. Buhun shinkafa ko na taki mai cin kilo 50, ko tsohon bokiti, ko jarkar da aka yanke, duk suna yi, muddin an wanke su an kuma huda gindinsu domin ruwa ya riƙa fita. Buhu guda yana ɗaukar kuɓewa biyu, ko barkono ɗaya zuwa biyu, ko alayyafo a yafe. Amfanin buhu ga mai haya ko ɗan gudun hijira a bayyane yake: idan tashi ya kama, lambun ya bi mai shi.

Ƙasar yankin ta fi yawan yashi, ruwa ba ya zama a cikinta. Abin da aka fi amfani da shi shi ne kashi biyu na ƙasar sama da kashi ɗaya na takin gargajiya da ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki yana ƙona saiwa, musamman a zafi, saboda haka sai an tara shi an riƙa yayyafa ruwa ana juyawa na wasu makonni, har ya yi baƙi warinsa ya tafi. A guji ƙasar bola mai ɗauke da batira da kwalabe da ledoji.

Wurin da ya fi dacewa shi ne wanda ke samun hantsi, ya kuma samu inuwa daga azahar zuwa la’asar. Inda babu bishiya, rumfar zana ko tsohon gidan sauro tana rage kaifin rana. Kada a jingina buhuna da katangar laka, domin danshin ban-ruwa yana cin gindinta, damina na zuwa ta iya zubewa.

Ruwa, inda gizo ke saƙar

A bazara rijiyoyi suna ja baya, gidaje da yawa kuma sayen ruwa suke yi daga ’yan ga-ruwa. Lambun da kuɗin ruwansa ya fi kuɗin ganyen da yake bayarwa asara ne, don haka gara a fara da buhu biyar zuwa goma, a ga yadda za a iya da su. Jarka mai lita 25 tana iya wadatar da kimanin buhu goma a yini, idan an rufe saman ƙasar.

Rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa yana hana rana shanye danshi. Ban-ruwa da sassafe ko bayan la’asar ya fi, kuma a gindin tsiro ake zubawa a hankali. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na wankin ganye duk suna da amfani, kuma baho guda a wurin alwala yana tara ruwa mai yawa a yini. Ruwan wanki mai omo ko bilic, da ruwan kwata, ba su dace ba, musamman ga ganyen da ake ci ɗanye.

Akwai kuma tsohuwar dabarar binne tukunyar ƙasa zuwa wuya a tsakiyar fangali, a cika ta da ruwa a rufe bakinta. Ruwan yana tsattsafowa ta jikinta kai-tsaye zuwa saiwa, sai bayan kwana biyu ko uku a ƙara. Duk mazubin da aka tara ruwa a ciki a rufe shi, kada lambu ya zama matattarar sauro.

Kwari da dabbobin gida

A gida, akuya da kaza sun fi kowane ƙwaro ɓarna. Akuya guda tana iya cinye aikin wata guda kafin a idar da sallah, shi ya sa shinge na kara ko ƙaya ko tsohuwar raga ke zuwa kafin shuka.

Darɓa da farin ƙuda suna maƙalewa a ƙarƙashin ganye, tsutsa kuma tana huda shi. Tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon, wadda ta yi mummunar ɓarna a Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa a 2016, ita ma ta fi ƙarfi idan zafi ya shigo. A ƙaramin lambu, duba ganye kowace safiya da cire wanda ya kamu yana magance da yawa. ’Ya’yan bedi, wato dogon yaro, idan aka daka kimanin rabin kilo aka jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, aka tace aka fesa da yamma, suna korar kwari da dama. Sai an maimaita duk mako, kuma a wanke ganye sosai kafin a dafa saboda ɗaci.

Fesa magunguna irin su Sniper a kan ganyen da za a ci haɗari ne babba. Wanda kwari suka fi ƙarfinsa ya nemi malamin gona na hukumar KTARDA, ya kuma kiyaye adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi da cira.

Rainon iri kafin ruwa ya sauka

Wani amfanin bazara da ake mantawa shi ne rainon iri. Barkono da attarugu da gauta suna buƙatar mako biyar zuwa shida kafin su isa dashe, tumatir kuma mako uku zuwa huɗu. Wanda ya yafa irinsu a inuwa daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu zai samu dashe a hannu lokacin da damina ke kankama a Yuni, ya riga maƙwabtansa kai kaya kasuwa, ko ya sayar musu da dashen kansa. Hadarin farko yakan zo da iska mai ƙarfi, don haka a ɗaure rumfa, a kafa wa kuɓewa da tumatir sanda.

Iyakar abin da lambu zai iya

Kiran a yi noma a bayan gida ya daɗe a Najeriya. Shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ya yi shi a 1976, uwargidan shugaban ƙasa Oluremi Tinubu kuma ta sake shi a 2024 da gasar lambu a kowane gida. Sai dai buhu goma ba ya cika rumbu. Gero da dawa da rogo da dankalin da aka san Batsari da su sai a gona, gona kuma sai da zaman lafiya, wanda nauyi ne a wuyan hukuma.

Abin da lambun gida ke yi shi ne sauke nauyin miya daga kuɗin cefane, da sanya ɗanyen ganye a kwanon yara a watannin da ya fi wuyar samu. Iyalin da suka yafa alayyafo a makon farko na Afrilu za su fara cira kafin watan ya ƙare, kuma idan suka riƙa shuka sabon buhu duk bayan mako biyu, ganye ba zai yanke musu ba har ruwa ya sauka.