Ka Sha Wuyar Digiri, Kada Rubuta Sunansa Ya Ba Ka Kunya

Yau za mu ɗan leƙa Turanci, domin ko digirin Hausa ka yi, da Turanci za ka rubuta sunansa a takardar neman aiki. Mai tantance takardun nan bai san ka ba, rubutunka ne zai fara yi maka shaida. To ga wuraren da aka fi yin tuntuɓe.

1. Waƙafin sama. Ana rubuta bachelor's degree da master's degree, ba bachelors ko masters ba. A Hausa wannan alama sauti ce, kamar a jami'a da sana'a. A Turanci kuwa mallaka take nunawa, wato aikin da -n ke yi a "littafin malam". Amma idan cikakken suna ne, babu ita, babu s: Bachelor of Arts, Master of Science.

2. Babban baƙi. Cikakken sunan digiri da babban baƙi yake farawa. Idan maganar digiri kawai kake yi a tsakiyar jimla, ƙaramin baƙi ya isa: a master's degree in history. Sai dai sunan harshe ba ya sauka: a bachelor's degree in Hausa.

3. PhD. Daga Latin ya fito, Philosophiae Doctor. Ph guntun kalma ɗaya ce, shi ya sa h take ƙarama. Saboda haka PHD da Phd da P.hD duk kuskure ne. Haka BSc da MSc: S babba, c ƙarama. Shi kuwa LLB na lauyoyi, L biyun nan jam'i ne a Latin, wato dokoki, kada ka raba su da aya.

4. Aya. PhD da Ph.D. duk daidai ne. Turawan Ingila sun fi barin ayar, a Amurka an fi ganin ta. Abin da ba a so shi ne ka sa B.A. a sama, ka koma MA a ƙasa. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai.

5. Dr. a gaban suna, PhD a bayansa, maimaici ne. Ɗaya ya wadatar.

6. 'Yan uwana malamai, NCE fa Nigeria Certificate in Education ce, ba National Certificate of Education ba.

In ka yi kokwanto, ɗauko takardar shaidarka ka kwafi abin da makarantarka ta rubuta, baƙi bayan baƙi.

Ga ɗan aikin gida, ku gyara wannan: Dr. Wane, B.sc, Masters of Art, PHD. Kurakurai nawa kuka gano?