Dodannin Elden Ring da suka hana 'yan wasa barci

Ƙanena ne ya jefa ni cikin wannan harka. A daminar 2022 ya kawo mini ajiyar PlayStation 4 ɗinsa saboda zai koma makaranta, haɗe da faifai uku a cikin leda. Biyu na ƙwallo ne, irin waɗanda ake bugawa a kowane gidan gem na unguwa. Na ukun sunansa Elden Ring. Da zai fita ya nuna shi da yatsa ya ce, "Yaya, wannan kada ka kunna shi ranar da ranka yake a ɓace." A daren na kunna. Ban yi minti goma da fitowa fili ba, wani mahayi mai sulken zinare, riƙe da doguwar barandami, ya zaburo dokinsa ya gama da ni da sara biyu.

Ga wanda bai san wasan ba, kamfanin FromSoftware na ƙasar Jafan ne ya ƙirƙire shi, ya fito ranar 25 ga Fabrairun 2022. Hidetaka Miyazaki ne ya jagoranci aikin, marubucin nan ɗan Amurka George R. R. Martin kuma ya tsara tarihin duniyar da labarin yake faruwa a cikinta. Cikin shekara ɗaya an sayar da kwafi miliyan 20. Ƙirƙirarren labari ne, tamkar tatsuniya: wata daula ta rushe, 'ya'yan sarauniya sun raba gadon mulki suna yaƙar juna, kai kuma ka shigo a matsayin korarre marar gata, da tsohon takobi a hannu. Kai ne za ka zaɓi irin mutumin da za ka zama, mai ƙarfin damtse ko mai kwari da baka ko mai siddabaru, ka riƙa gina shi kaɗan-kaɗan. Manyan abokan gaba kuwa bos ake ce musu, kalmar da duk wanda ya taso da kallon fina-finan Indiya ya san ma'anarta.

Abin da ya ɗaure mini kai a farko shi ne yadda babban mutum zai ji gabansa yana faɗuwa saboda hoton da yake motsi a talabijin. Daga baya na gane dalili. Duk abin da ka kashe a wasan yana ba ka wata dukiya da ake kira run, da ita kake sayen makami, da ita kake ƙara ƙarfi. In aka kashe ka, dukiyar gaba ɗaya tana zubewa a wurin da ka faɗi. Dama ɗaya tak gare ka ta komawa ka kwashe. In aka sake kashe ka a hanya, ta tafi ke nan. Wahalar awa biyu tana iya salwanta a hannun kare guda. Ba a kuma ba ka zaɓin sauƙaƙa wasan kamar yadda wasu wasannin suke yi, kuma ko jakarka ka buɗe don neman magani, faɗa bai tsaya ba. Tsoron asara ne yake kama mutum, irin na wanda ya karɓi kuɗin adashi zai ratsa kasuwa da almuru.

A watan Maris na 2023 kamfanin Bandai Namco, wanda yake rarraba wasan, ya fitar da ƙididdiga. 'Yan wasa sun mutu sama da sau biliyan 9 cikin shekara guda, kuma kashi 14 cikin ɗari na wannan mutuwar faɗowa ce daga sama. Mahayin nan da ya yi mini maraba, Tree Sentinel, an gwabza da shi sau miliyan 277. Da gangan aka ajiye shi a bakin ƙofa. Ya fi ƙarfin sabon shiga nesa ba kusa ba, ga kuma fili fetal hagu da dama wanda za ka zagaye shi ka wuce abinka. Wasan yana gaya maka tun daga ranar farko cewa ba kowane faɗa ne na yau ba. Ni sai da na ɓata dare biyu kafin na ji wannan magana.

Wanda ya fi shi karya zuciyar sababbin 'yan wasa shi ne Margit, wani tsoho mai ƙahoni da sanda, da yake tsare hanyar shiga ganuwar Stormveil. An kara da shi sau miliyan 281. Wanda ya taɓa zama a filin dambe zai gane salonsa nan take. Akwai ɗan damben da zai ɗaga hannun da ya naɗe, ya riƙe shi a sama, ya bar abokin karawarsa ya kauce tun naushi bai taho ba, sai ya sauke masa shi daidai lokacin da ya ɗago kai. Haka Margit yake yi. Zai ɗaga sandar, ta tsaya a sama har ka ƙosa, ka yi tsalle gefe, sannan ta sauko a kanka. In ka ja da baya za ka sha magani, sai ya jefo maka wuƙaƙe na haske. In jininsa ya yi ƙasa, sai ya fito da wata ƙatuwar guduma. Tsofaffin 'yan wasa da suka ƙware a Dark Souls, wasan da kamfanin ya fitar a 2011, su ma sun sha kashi a hannunsa, domin hannunsu ya saba kaucewa da wuri, shi kuwa wannan sabon nasu yake farauta.

A nan na fara fahimtar abin da nake ganin shi ne sirrin dukan dodannin wasan. Girman jiki ba ya tsorata ɗan wasa. Akwai ƙattai masu tsawon bene da ake kayarwa cikin sauƙi. Wanda ake shakka shi ne wanda ya karya ƙa'idar da ka dogara da ita.

Shi ya sa in ka zauna da masu buga wasan, ba manyan bos kaɗai suke tsinewa ba. Akwai wasu halittu masu kama da kwaɗi, da manyan idanu, da suke fesa baƙin hayaƙi a cikin ramuka. In hayaƙin ya cika ma'auninsa, ka mutu nan take ko da jininka a cike yake. Akwai hannaye, hannaye zalla ba jiki, masu yatsu fiye da kima, da suke maƙalewa a bangon wani gida da ake kira Caria su faɗo maka a ka. Akwai beyar daji da ta fi wasu bos ɗin saurin kisa. Sannan akwai wani akwati a cikin wani kango kusa da inda aka fara wasan: ka buɗe shi da murnar samun dukiya, hayaƙi ya turnuƙe ka, ka farka a cikin wani ramin haƙar ma'adinai a yankin Caelid, inda komai ya fi ƙarfinka. Ranar da na lallaɓa na fito daga ramin nan na ga sararin sama ja wur, ƙasa ta ruɓe, karnuka masu ƙaton kai suna yawo, hankaki ya kai girman ɗaki, sai na ajiye abin bugawar na tashi na sha ruwa. Miyazaki da kansa ya faɗa a wata hira cewa yana jin daɗin ƙirƙirar fadamu masu guba, kuma Caelid shaida ce.

A can ne Radahn yake, janar ɗin da ya fi kowa ƙarfi a labarin. Ƙato ne na gaske, amma yana bisa wani ramammen doki, kuma labarin ya nuna ya koyi sihirin rage nauyi ne don kada ya rabu da dokin nan nasa. Cuta ta cinye masa hankali, yana yawo a cikin rairayi yana cin gawarwaki, sai mayaƙansa suka shirya biki suna gayyatar jarumai su zo su ba shi mutuwar girma. Tun daga nesa yake harbo kibau masu girman mashi. A tsakiyar faɗan sai ya ɓace, kiɗa ya ɗauke, filin ya yi tsit, can sai ka hango wuta tana tahowa daga sama: shi ne ya dawo kamar faɗuwar tauraro. An yi arangama da shi sau miliyan 139. Duk da haka ban taɓa jin haushinsa ba, tausayinsa na ji.

Wadda ta jefa masa cutar ita ce Malenia, kuma a kanta magana take ƙarewa a duk inda 'yan wasa suka taru. Sau miliyan 329 aka gwada ta, fiye da kowa, alhali ba dole ba ne ka haɗu da ita kafin ka kammala wasan. Sai ka nemo ɓari biyu na wata lamba a wurare masu nisa da juna, ka ratsa filin ƙanƙara inda ba ka ganin gabanka, ka sauko ta rassan wata ƙatuwar bishiya har saiwarta. A nan za ka same ta zaune a kujera kamar mai barci. Siririya ce, ba ta fi mutum girma da yawa ba, ruɓa ta cinye mata idanu, hannunta na dama na ƙarfe ne, da shi take riƙe dogon takobi. Tana miƙewa a hankali, ta sanar da kai cewa ba a taɓa cin ta da yaƙi ba.

Abu biyu ne suka sa ta zama abin da ta zama. Na farko, duk saran da ta yi maka yana ƙara mata jini, ko da ka tare da garkuwa. Wanda ya yi awa tamanin yana fakewa a bayan garkuwa sai ya tarar garkuwar ce take ciyar da abokiyar gabarsa. Na biyu shi ne wani salon sara da aka laƙaba wa sunan rawar tsuntsun ruwa. Za ta daka tsalle ta tsaya cak a sama na ɗan lokaci, sannan ta sauko da ruwan sara kashi uku a jere, tana bin ka duk inda ka nufa. In tana kusa da kai lokacin da ta tashi, sai wanda ya ƙware ƙwarai yake fita da rai. Na kai matsayin da ina ganin ƙafarta ta bar ƙasa, tafin hannuna yake jiƙewa da gumi.

A dare na shida da fara karawa da ita na ga jininta ya ƙare. Na miƙe tsaye, har na buɗe baki zan yi shewa, sai hoto ya canza: wani jan fure ya buɗe, ta fito daga cikinsa da fukafukai, jininta ya dawo kusan cike, yanzu kuma saranta yana ɗauke da cutar ruɓa da take cin jinin mutum a hankali. Ban yi daƙiƙa goma ba. Na kira ƙanena a waya, ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai yanzu ka fara. Ka daina gudunta, ka tsaya ka kalli hannunta." Maganarsa gaskiya ce. Malenia tana da rauni: sara mai nauyi yana girgiza ta, makamin da yake zubar da jini ko mai sanyin ƙanƙara yana cin ta sosai. Sai a dare na goma sha ɗaya na kayar da ita, da digon jini a jikina, ba sauran magani ko kurɓi ɗaya. Na daɗe zaune ban motsa ba, ina jin bugun zuciyata a kunne.

Wasan yana ba da dama ka kira wani ɗan wasa ta intanet ya shigo ya taya ka, kuma daga nan ne wani mutum ya yi suna a duniya. Laƙabinsa Let Me Solo Her, ma'ana a bar shi da ita shi kaɗai. Yana bayyana ba sulke, daga shi sai ɗan bante, ya kifa tulu a ka, takobi biyu a hannu. Mai gida ya koma gefe ya zuba ido, shi kuma ya gama da ita. Da ya cika sau 1,000 yana yi wa mutane wannan taimako, Bandai Namco ya aika masa kyautar takobi na gaske a 2022. Abin da ya burge ni a labarinsa shi ne shi ma sai da ta kashe shi sau da yawa kafin ya haddace motsinta.

Akwai masu cewa Malenia zalunci ce, ba gwaninta ba, kuma ban ce ba su da hujja ba. Saran da mutum ba zai iya gane yadda ake kauce masa ba sai ya je ya kalli bidiyon wasu, a ganina an wuce gona da iri a wurin. Kamfanin ma yakan amsa kuskure: bayan fitowar ƙarin wasan mai suna Shadow of the Erdtree a watan Yunin 2024, koke ya yi yawa a kan bos ɗin ƙarshe, aka rage masa kaifi bayan 'yan watanni. Amma ban yarda da masu neman a mayar da komai ruwan sanyi ba. Na buga wasanni da yawa da na kammala ban iya tuna sunan abokin gaba ko ɗaya ba. Margit kuwa har yau ina iya kwatanta yadda yake ɗaga sandarsa.

Iyaye su sani wannan wasan ba na ƙananan yara ba ne; a Amurka an ware shi ga 'yan shekara 17 zuwa sama, saboda jini da hotuna masu firgitarwa, kuma yana cin lokaci ƙwarai in ba a sa masa iyaka ba. Kai kuma da za ka fara, in ka fito ka hango mahayin nan mai sulken zinare, ka zagaye shi. Ka nemi dokinka, ka gangara kudu inda abokan gaba suke daidai da ƙarfinka, ka zuba dukiyarka wajen ƙara jini kafin komai. In ka dawo bayan kwana biyu, yana nan inda ka bar shi.