Hanyar da Muke Bi Kullum, Wa Ya Taɓa Ba Mu Labarinta?



In dai maganar tafiya ce, mu matan Mangari ba a nuna mana hanya. Daga Ngelbeli mu gangaro kasuwar Maine-Sorowa da man shanu ko ƴan awaki, daga Maine mu hau mota zuwa Difa sarin tattasai. Ga biki, ga suna, ga gaisuwar mutuwa, ga rakiyar mara lafiya likita. Wasu cikinmu kuma sun yi tafiyar da ba mai fatan maimaita ta: a shekarar 2015, da rikici ya iso Boso da Difa, suka baro gidajensu a bakin Komadugu da tsibiran tafkin Cadi, goyo a baya, ƙunshi a ka, suka kafa bukkoki a gefen kwalta. Amma ki tambayi kowaccenmu abin da ta gani a hanya, sai ta lissafa miki kuɗin mota da shingayen bincike da tsadar buhu. Ido na kan kaya, hannu na kan ƙullin bakin zane. Mai neman na cefane ina ta ga ta kallon gefen hanya?

Abin da ya sa muka fara ɗaga kai wani littafi ne. Malamar da ke koya mana yaƙi da jahilci ta ara wa ƙungiyarmu, sai muka sa al'ada: in an gama zubi an kulle akwati, sakatariya ta karanta mana shafi biyu ko uku kafin a watse. Labarin Dorugu ne.

Dorugu yaro ne Bahaushe daga Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram. An kama shi bauta yana ƙarami, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya faɗa Kukawa, babban birnin Borno na wancan zamani. A can wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852 kusa da tafkin Cadi, abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da Abdulkarim, ya ɗauke shi tare da wani yaro mai suna Abbega. Da su ya je har Tumbutu ya komo. A 1855 suka tashi daga Kukawa, suka ƙetare wannan Komadugun tamu, suka bi ta Ngigmi da Bilma, suka ratsa Sahara zuwa Tarabulus, daga nan sai Landan. A Ingila ne wani malamin mishan mai suna Schön ya zauna da Dorugu, yaro na faɗa da Hausa shi yana rubutawa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya dawo gida daga baya, a Kano ya rasu a 1912.

Ranar da aka karanta inda aka raba shi da gidansu, tabarma ta yi tsit. Wata dattijuwarmu da ta baro ƙauyensu na bakin kogi ta ce, "Ke ƴar nan, tsaya. Wannan ai mu yake faɗa." Ba a ci gaba ba ranar. Da aka kai inda yake ba da labarin yadda Turawa ke zaman cin abinci kuwa, dariya har da masu riƙe ciki. Yaro ne mai ido, wallahi. Bai zaɓi tafiyarsa ba, ɗauko shi aka yi kamar kaya, amma bai bar komai ya wuce shi ba, kuma da yake an samu wanda ya riƙe alƙalami, ga mu yau bayan shekara fiye da ɗari muna jin muryarsa a ƙarƙashin inuwar aduwa.

Daga nan malamarmu ta ba mu labarin wani wuri da ayarin Barth ya ratsa a ƙarshen 1852, kan hanyarsu daga Kukawa zuwa Gure da Damagaram: kufan Birnin Gazargamu. Da yawanmu sunan kawai muka sani, a bakin tsofaffi. Mai Ali Gaji ne ya kafa birnin wajen shekarar 1470, a tsallaken kogi, kusa da Gaidam ta jihar Yobe a yau. Shekara fiye da 300 nan ne fadar Borno. A nan Mai Idris Aloma ya yi mulki, limaminsa Ahmad ɗan Furtu ya rubuta labarin yaƙe-yaƙensa da Larabci. An kewaye birnin da ganuwar ƙasa, fada kuma da jan bulo gasasshe aka gina ta, abin da ba kowane gari ke da shi ba a lokacin. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci birnin, ya zama kufai, daga baya Shehu Laminu na Kanem ya kafa Kukawa a 1814.

Ga abin da ya fi jan hankalinmu mu mata. A fadar Borno uwar sarki tana da sarautarta, Magira, uwargidan sarki kuma Gumsu, kuma ba ado ba ne, ana jin maganarsu. Masu ba da tarihin baka suna ambaton Aisa Kili, wadda aka ce ta riƙe mulki kafin Idris Aloma ya hau. Wadda ta taɓa jin ana cewa mace ba ta riƙe akwati ba ta riƙe taro, to ga abin faɗa. Kuma ba sai an ƙetare iyaka ba: a Garumele, kusa da Ngigmi, cikin jiharmu ta Difa, akwai kufai na irin wannan jan bulo. Nawa cikinmu suka bi hanyar Ngigmi sarin kifi ba su taɓa jin sunan ba?

Abin da ciwo, gaskiya. Mutum ya taso tun daga Jamus ya zagaya ganuwar Gazargamu, ya rubuta cikin littafinsa mai juzu'i biyar, mu da ke shan ruwan kogi ɗaya da birnin sai a bakin baƙo muke ji. Yanzu kuma da muke son zuwa, hanya ba ta ba da hali. Ba mai hankalin da za ta ce wa ƴar uwarta ta ƙetare kogi yawon buɗe ido a wannan yanayi, mu ma ba mu ce ba. Sai dai akwai tsofaffi a cikinmu da iyayensu suka yi fataucin manda da kanwa a kan takarkari da jakai, daga kwarurrukan Mangari zuwa Gaidam har ƙasar Hausa, suna riƙe da sunayen zango-zango da rijiyoyi. Duk wadda Allah ya yi wa rasuwa cikinsu, da hanyarta take tafiya.

To, sai wata ta kawo shawara a ware wani abu daga asusu, a je Damagaram a ga birni da fadar Sarki da ragowar ganuwar da Sarki Tanimu ya gina. Nan fa aka yi ta. Mai ajiyar kuɗinmu ta ce, "Yaya, kuɗin da za a ba mace bashi ta sayi tunkiya, shi za a kai wa direba don a je a kalli bango?" Ba ta yi ƙarya ba. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe ƙungiyoyi irin namu shi ne ba a wasa da akwati. Wata kuma ta ce maigidanta zai bar ta zuwa biki ko sari, amma "zan je ganin tarihi" ba ta san ta inda za ta fara faɗa masa ba. Masu goyon baya suka ce gani ya kori ji, kuma wadda ta je Damagaram ai ba ido rufe za ta ratsa kasuwa ba, za ta ga nawa ake sayar da tattasan da muke saki da arha a bakin gona.

Mako uku ana jan magana. Ga inda aka tsaya, ko wata ƙungiya za ta so ta gwada. Ba a taɓa babban akwati, ba a taɓa asusun taimako na haihuwa da rashin lafiya. An buɗe gwangwani na dabam, dala biyar a mako, ga wadda ta ga dama. In mu talatin muka cika, a shekara jika 39 ke nan. Ba zai kwashe mu duka ba, amma zai kai mutum biyu ko uku su dawo, musamman in an sauka gidan dangi. Ƙuri'a za a yi kamar ta adashi. Wadda ta ci kuma ba kyauta ta ci ba: dole ta dawo da labari ta ba taro, abin da ta gani, wanda ta tambaya, da farashin kaya uku da muke sayarwa. Maganar izinin maigida, an ce shugaba da wata dattijuwa su je su yi masa bayani da kansu tun kafin ranar. Har yanzu mata huɗu ba sa zuba wa gwangwanin, kuma ba wadda ke harararsu.

Abu na biyu bai ci ko dala ashirin ba bayan kuɗin littafin rubutu. Kowane mako mace ɗaya za ta ba da labarin wata tafiya da ta yi, sakatariya ta rubuta. Mun fara da waɗanda suka yi gudun hijira, don yaran da aka haifa a gefen kwalta yau sun isa aike, wasu suna makaranta, kuma in ka tambaye su garinsu sai su faɗi sunan sansani. Ana tambayar mai labari sunan ƙauyen, wa ya kafa shi, ina rijiya take, wace bishiya ce a bakin kasuwa, ta ina aka bi aka fito, wa ya ba su ruwa a hanya. Wadda ba ta son a taɓo wani abu, ba a matsa mata. Wata ta yi shafi shida a kan gonar tattasanta kaɗai, tun daga yadda ruwan kogi ke isowa da damina har ranar shanya, ba ta ce uffan a kan daren da suka gudu ba. Haka aka rubuta, haka aka bar shi.

Ƙungiyoyin Shetimari da Geskeru da Gudumariya, in kuna da tsohuwa mai labarin hanyar fatake, ko wadda ta taɓa taka Garumele ko Gazargamu da ƙafarta, ku rubuta ku ba wa mai kawo muku wannan takarda ranar zubi. Wadda ba ta rubutu ta faɗa a waya a turo, sakatariyarmu za ta kwafe.