Siririn Zane A Fatar Mutum, Da Abin Da Shekaru Ke Yi Masa

Kowane malami mai aikin ofis ya san bambancin alƙalami mai siririn baki da mai kauri. Siririn shi ya fi kyaun rubutu, amma in takarda ta daɗe a ajiye shi ne kan fara dushewa, in kuwa takardar mai tsotson tawada ce sai haruffa su nashe su shige juna. To, wannan misali shi ne mabuɗin maganar da mu ke so mu yi yau, watau wani irin zanen jiki da ya bazu a biranen Turai da Amurka, wanda samarinmu da 'yan matanmu ke ganin hotunansa a wayoyinsu, har su kan tambayi malamansu labarinsa.

Zane a jiki ba baƙon abu ba ne gare mu, don mun san jarfa da shasshawa tun kaka da kakanni, inda wanzami kan tsaga fata ya shafa baƙin tukunya. Turawa kuwa allura su ke tsomawa cikin tawada su soka, suna kiran abin tatu. A 1891 ne Samuel O'Reilly na birnin New York ya yi rajistar injin lantarki mai wannan aiki. Galibi a kan haɗa allurai da dama su yi layi mai kauri. Amma fursunoni 'yan asalin Meziko a gidajen yarin Kaliforniya, da ya ke ba su da kayan aiki, sai suka riƙa fiƙe tsirkiyar jita su yi allura guda, su haɗa tawada da baƙin hayaƙi. A 1975 Charlie Cartwright da Jack Rudy suka buɗe kanti a gabashin Los Angeles, suka mai da salon nan sana'a. Daga nan ya samo tushe, har ya zama abin yayi: ɗan fure a wuyan hannu, ko suna a bayan kunne, layin siriri kamar silin gashi.

Abin tambaya shi ne, layin nan zai zauna haka? Kafin mu amsa sai mu duba ginin fata. Fatar mutum hawa-hawa ce. Ta sama kullum mutuwa ta ke yi tana zubewa, sabuwa na maye gurbinta cikin wajen wata guda. Shi ya sa ƙunshin lalle, wanda iyakarsa nan, ba ya wuce mako biyu ko uku. Ƙarƙashinta akwai ta biyu wadda ba ta zubewa, can ƙasa kuma sai kitse. Aikin mai zane shi ne ya ajiye tawada cikin ta biyun, zurfin milimita 1 zuwa 2. In ya yi sama da yawa, tawada ta fita tare da ɓawon miki, layi ya yi giɓi. In ya zarce ya kai ga kitse, tawada ta nashe, sai a ga wata shuɗiyar inuwa ta kewaye layin. Layi mai kauri ya kan ɓoye ƙaramin kuskure, amma siriri ba shi da inda zai ɓoye shi.

Ko da hannun mai zane bai kuskure ba, jiki ba ya karɓar tawada hannu biyu. Akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da likitoci ke kira makrofaj, waɗanda a iya cewa su ne dogarawan jiki, aikinsu kama baƙo. Da zarar tawada ta shiga sai su haɗiye ta, amma ba su iya narkar da ita, sai su zauna da ita a wurin. Wani kashi kuma ruwan jiki ya kan kwashe shi ya kai kaluluwa. A 2018 masana a birnin Marsai na ƙasar Faransa suka gwada abin a kan ɓeraye, suka ga in dogarin nan ya mutu ya kan saki tawadar da ya riƙe, wani sabo ya zo ya ɗauka. Ashe zanen da mutum ke tsammani yana tsaye cik, hannu ya ke sakewa muddin ransa. Ga shi kuma fatar kanta tana saki da tsufa. Saboda haka kowane layi, mai kauri da siriri, a hankali ya kan yi faɗi, bakinsa ya dushe.

Nan ne siririn zane ya ke shan wuya ta hanya biyu. Ta farko, tawadarsa kaɗan ce tun asali, abin da mai kauri zai rasa ba a lura ba, shi in ya rasa sai ya koma toka-toka. Ta biyu, masu sonsa su kan so shi ƙarami, layuka kusa da juna. In kowane layi ya ƙara faɗi kaɗan, sai filin da ke tsakani ya toshe, ƙaramin rubutu ya zama ɗigon baƙi wanda mai shi kaɗai ya san abin da ya ke nufi. Wurin da aka yi shi ma yana da nasa hukunci. Yatsu da tafin hannu da gefen ƙafa, inda wanki da gogayya suka yi yawa, su ne kan fi saurin cinye shi. Rana kuwa ita ce babbar abokiyar gabarsa, don haskenta yana farfasa tawada. Domin haka masu wannan sana'a da kansu su kan ce wa mutum ya dawo a sake bin layin, kowane bi kuma yana iya ƙara masa kauri.

Kada kuwa wani ya ji an ce yana dushewa ya zaci zai tafi ya bar fata fes. Baƙin gawayi ba ya ruɓewa. A 1991 an sami gawar wani mutum cikin ƙanƙarar duwatsun Alps, kan iyakar Italiya da Ostiriya, wanda ya mutu wajen shekara 5,300 da suka wuce, ga zane 61 a jikinsa, yawancinsu gajerun layuka, da yawa daga cikinsu ana ganinsu. Kyaun zanen ne kan gudu, tabon yana nan. Mai son rabuwa da shi sai ya je a ƙona tawadar da hasken lesa, zuwa bayan zuwa har watanni, da zafi da kuɗi mai yawa, wani lokaci kuma ba ya fita duka.

Akwai abubuwa uku da suka shafe mu musamman. Na ɗaya, baƙar fata ta kan rufe siririn layi, har ya yi wuyar gani bayan ya warke. Na biyu, tabon nan mai tsiro, wanda kan kumbura ya wuce iyakar miki, ya fi yawa ga baƙaƙen mutane, hasken lesa kuma yana iya barin fari ko duhu a wurin. Na uku, allurar da aka yi wa wani aiki da ita tana iya ɗauko ciwon hanta ta sa wa mutum. Game da addini kuma, sananne ne cewa jumhurun malaman Musulunci sun hana zane mai dawwama a jiki, amma ba su hana lalle ba.

Shawararmu ga malaman makaranta ita ce, in yaro ya nuna muku irin hoton nan, kada ku tsaya ga tsawa kaɗai, don hani ba bayani ƙara kwaɗayi ya ke yi. Ku gaya masa yawancin hotunan nan a ran da aka gama zanen aka ɗauke su, tawada na ɗanya, fitila na haskawa. Ku ce ya nemi hoton wannan hannun bayan shekara goma, ya ajiye su gefe da gefe, sa'an nan ya yi magana. Takarda in ta ɓaci a kan yage ta a ɗauki sabuwa, amma fata guda ɗaya aka ba kowa, da ita zai tsufa. Allah ya sa mu gane.