JUYEN MAN GIYA DA SAUYA FILTA A MANYAN MOTOCIN A-KORI-KURA: ABIN DA NA KOYO A KASUWAR ARTISAN

Gabatarwa

Duk wanda ya san birnin Inugu ya san Kasuwar Artisan, inda Hausawa fatake ke sauke shanu da raguna da awaki da suka ɗauko daga Arewa. A lokacin hutun da ya gabata na riƙa zuwa wannan kasuwa domin in gyara bakina da Hausar yau da kullum, kasancewar ni a aji na koyi harshen. A can ne na tarar da wata babbar a-kori-kura mai giyar otomatik an ja ta zuwa gefe. Mai ita ya ce ta ɗauko raguna ne, sai ta ƙi ja a kan wani hawa, injin yana ta ihu amma taya ba ta motsi. Dole ya nemi wata mota aka sauke dabbobin, ya biya kuɗin ɗauko sau biyu, ga kuma kuɗin gyara na jiran sa. Da bakanike ya zaro sandar awon mai, sai ga man giya baƙi ƙirin yana warin ƙuna. Ya tambaye shi: "Alhaji, yaushe rabonka da juyen man giya?" Sai Alhaji ya ce: "Malam, ai ni baƙin mai kaɗai na san ana juyewa."

Wannan amsa ce ta sa na ga ya dace in rubuta wannan muƙala. Za ta yi ƙoƙarin bayyana aikin man giya, da dalilin lalacewarsa, da yadda ake juye shi tare da sauya filta.

Mene ne man giya, kuma mene ne aikinsa?

Giya iri biyu ce. Akwai manuwal, wadda direba ke taka kuloci ya sauya da hannunsa, irin ta mafi yawan tireloli masu ɗauko shanu. Akwai kuma otomatik, wadda ke sauya kanta. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara yaɗa ta da sunan Hydra-Matic a motocin Oldsmobile na shekarar 1940. A yau manyan a-kori-kura irin su Ford Super Duty da Chevrolet Silverado da Ram da Toyota Tundra kusan duk da ita suke zuwa, haka ma wasu Hilux.

A giyar manuwal, babban aikin mai shi ne hana ƙarafa cin juna. A ta otomatik kuwa yana da ayyuka huɗu. Na farko, shi ne ke ɗaukar ƙarfin injin ya kai ga giya, ta cikin wani ƙarfe mai kama da ƙwarya biyu a kife da ake kira kwambata. A cikinta farfela ɗaya na watsa mai, man kuma ya juya ɗaya farfelar. Na biyu, famfon giya na tura shi da ƙarfi ya matse wasu faifai da kanikawa ke kira faiba, kuma wannan matsewa ita ce shigar giya. Na uku, yana shafe haƙoran ƙarafa. Na huɗu, yana kwashe zafi ya kai shi lagireto ko wata 'yar ƙaramar ma'ajiyar sanyaya mai da ke gaban mota. Ke nan idan man ya lalace, ayyuka huɗu ne suka tsaya a lokaci guda.

Me ke lalata shi?

Babban abokin gabar man giya shi ne zafi. An yi shi ne domin ya yi aiki a wajen digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyos. Idan zafi ya riƙa wuce haka, sai man ya fara ƙonewa, ya yi duhu, ya bar dauɗa a ƙananan hanyoyin da yake bi. Abubuwan da ke jawo wannan zafi su ne lodi fiye da kima, da jan wata mota, da hawan tudu, da tsayuwa a gosulo. Wanda ya san hanyar da ta tashi daga Inugu ta haura 9th Mile zuwa Anaca ya san irin tuddan da ke wurin. Motar da ke bin ta kullum da lodin dabbobi tana cikin rukunin da littattafan kamfani ke kira aiki mai tsanani.

Abu na biyu shi ne ruwa. A garuruwa masu yawan ruwan sama kamar Fatakwal, mota kan ratsa ambaliya, ruwa ya shiga giya ta ƙofar shan iska. Haka kuma idan bututun mai da ke cikin lagireto ya fashe, ruwa da mai sukan haɗu. Alamar haka ita ce man ya koma kamar madarar da aka zuba wa jan kala. Irin wannan mota ba a ci gaba da tuƙa ta, domin ruwa na ɓare faiba.

Ana iya gane lafiyar mai ta hanyar ɗiga shi a farar takarda. Sabo galibi ja ne garau, saboda rinin da ake sa masa domin a bambanta shi da baƙin mai. Idan ya koma ruwan ƙasa, lokacin juye ya yi. Idan ya yi baƙi yana wari, mai yiwuwa ɓarna ta riga ta fara. Sauran alamu sun haɗa da jinkirin shigar giya, da fizga, da ihun injin ba tare da ƙarin gudu ba. Dangane da tsawon tafiya kuwa, littafin kowace mota shi ne alƙali, amma ga motar lodi yawanci akan juye tsakanin kilomita 50,000 da 100,000.

Zaɓen mai

Ba kowane jan mai ne ya dace da kowace giya ba. General Motors na da Dexron, wanda ya fito tun 1967. Ford na da Mercon, daga 1987, kuma shi kansa iri-iri ne. Motocin Ram da yawa na amfani da ATF+4, Toyota kuma na da T-IV da WS. Kowanne an haɗa shi ne daidai da irin faibar da ke cikin giyar. Akan rubuta sunan a jikin sandar awo ko a littafin mota. A kasuwannin kayan gyara irin su Coal Camp a Inugu, da Nkpor kusa da Anaca, da Ƙofar Ruwa a Kano, mai saye ya duba hatimin galan da kyau, ya guji man da ake aunawa daga buɗaɗɗiyar jarka. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Yadda ake aikin

Kayan da ake buƙata su ne: mai, da sabuwar filta, da sabon fakin, da sufana, da mazurari, da babban daro, da tsumma marar zare.

1. A ɗan zagaya da motar domin man ya yi ɗumi ya saki jiki. A ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri, a sa giya a P, a ja birkin hannu, a sa wa tayu waigi, a kashe injin. Kada a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita.

2. A tara daro a ƙarƙashin kwanon giya. Idan kwanon na da notin zubarwa, a kwance shi. Idan babu, a sassauta notuna daga gefe ɗaya domin man ya tsiyaye a hankali. A yi hattara, yana iya ƙona hannu. A auna yawan wanda ya fita.

3. A sauke kwanon a duba maganaɗisun da ke cikinsa. Laushin dauɗa mai launin toka ba abin damuwa ba ne. Amma idan aka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko gutsattsarin faiba, juye kaɗai ba zai wadatar ba.

4. A cire tsohuwar filta. Sau da yawa robar wuyanta kan maƙale a cikin rami. Dole a zaro ta, domin idan aka ɗora sabuwa a kanta famfo zai riƙa zuƙar iska. A shafa wa sabuwar roba ɗan mai kafin a tura filtar.

5. Wasu manyan motoci na da filta biyu. Giyar Allison 1000, wadda aka fara sa wa manyan Silverado da Sierra a 2001, tana da filta ta waje mai kama da ta baƙin mai, da wani ɗan maganaɗisu a kanta wanda ake gogewa a mayar. Giyar 68RFE ta Ram kuwa duka biyun suna cikin kwano. Filtar da ake murɗawa da hannu ake ɗaure ta.

6. A wanke kwanon tas, a sa sabon fakin, a ɗaure notuna a gicciye, kaɗan-kaɗan. Ɗaurin ƙarfi na lanƙwasa bakin kwano ya jawo yoyo. Yawan shafa gam ma haɗari ne, domin ragowarsa kan faɗa ciki ya toshe hanya.

7. A zuba sabon mai daidai da wanda ya fita. A tayar da injin, a taka birki, a bi da giya ta P da R da N da D, ana ɗan dakatawa a kowace. A mafi yawan motoci ana auna man giya ne injin yana aiki kuma ya yi zafi, saɓanin baƙin mai. Sababbin motoci da yawa ba su da sandar awo, sai wani noti da ake kwancewa a wani ƙayyadadden zafi. Irin wannan a bar wa mai na'ura.

8. A gwada motar, a leƙa ko akwai yoyo. Tsohon mai kuma kada a zubar da shi a kwata, balle a kasuwar da dabbobi ke shan ruwa.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa wannan juye ba ya fitar da man duka. Kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ne ke fita, sauran na cikin kwambata da bututu. Shi ya sa idan man ya yi datti sosai akan maimaita juyen bayan an ɗan yi tafiya. Haka kuma cikawa fiye da kima na sa mai kumfa, kumfa kuwa ba ta matse faiba.

Wata fahimta da ta yaɗu

Na ji direbobi da dama a Artisan suna cewa juyen man giya shi ke kashe giya. Maganar na da tushe. Yawanci mutane ba sa tuna juye sai giya ta fara ciwo, a lokacin faiba ta riga ta cinye, garinta da ke yawo a tsohon mai ne ke ɗan taimaka mata ta kama. Da an zuba sabo sai ciwon ya fito fili, a ɗora wa man laifi. Maganin wannan shi ne juye a kan lokaci. Wanda ya sayi mota 'yar Kwatano, da bai san tarihinta ba, ya fara da duba launin man kafin ya ɗora mata lodi.

Kammalawa

Wannan muƙala ta nuna cewa giyar otomatik da mai take rayuwa, kuma zafi da ruwa da man da bai dace ba su ne ajalinta. Ga ɗan kasuwar da jarinsa ke tsaye da ƙafa huɗu a bayan mota, kuɗin galan biyu ko uku da filta bai kai ko kusa da kuɗin sabuwar giya ba. Rigakafi dai ya fi magani. A matsayinmu na ɗaliban harshe kuma, akwai aiki a gabanmu. Kalmomi irin su juye da fakin da faiba da lagireto suna nan a bakin kanikawa da direbobi, wasu Hausa ce tsantsa, wasu an aro an yi musu kwaskwarima. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu riƙa shiga gareji da tasha da alƙalami da takarda, mu tattara su mu rubuta.